Abin da sunan wurin zamiyar ƙanƙara ke faɗa game da mai dutsen

Idan aka tara Ba'amurke da Bafaranshe da ɗan Ostiriya da ɗan Niyu Zilan a gindin dutse guda da dusar ƙanƙara ta lulluɓe, aka ce kowa ya faɗi sunan irin wurin da yake tsaye, za a ji amsa huɗu. Ba'amurke zai ce "ski area" ko "resort", Bafaranshe ya ce "station", ɗan Ostiriya ya ce "Skigebiet", ɗan Niyu Zilan kuwa ya ce "ski field". Mai saurare zai iya ɗauka cewa bambancin harshe ne kawai, sai dai biyu daga cikin mutanen nan Turanci suke yi, kuma duk da haka bakinsu bai zo ɗaya ba. Dalilin shi ne kowane suna yana ɗauke da tarihin yadda aka kafa wurin, da wanda ya mallaki ƙasar, da inda baƙo zai kwana, da kuma wanda za a tuhuma idan wani abu ya faru.

Kafin a shiga sunayen, ya kamata a san abubuwan da ke haɗuwa su zama irin wannan wuri. Akwai gangaren dutsen da ake zamiya a kansa, wato sulalowa a kan dusa da dogayen katakai ɗaure a ƙafa, wanda ake share wa hanyoyi, ana daddale dusar da manyan motoci cikin dare. Akwai na'urorin da ke hawa da mutane sama, ko kujeru masu rataye a jikin waya, ko ƙananan ɗakuna masu tafiya a kan waya, ko igiyar da ke jan mutum yana tsaye. Sannan akwai masauki da abinci da kantuna. A wasu ƙasashe hannu ɗaya ne ke riƙe da duka ukun, a wasu kuma kowanne da mai shi, a wasu ma na ukun babu shi sam. Kusan duk saɓanin sunaye daga nan ya taso.

A tsaunukan Alps na Turai, inda sana'ar ta fara zama sana'a, ƙauye ya riga zamiya zuwa. Garuruwa irin su Davos da St. Moritz a Suwizalan sun fara karɓar baƙi ne a matsayin wuraren jinya da shan iska, a Davos musamman masu fama da tarin fuka waɗanda likitocin ƙarni na 19 ke tura su kan tsauni. Labarin da ake bayarwa shi ne a 1864 mai otal Johannes Badrutt ya ja hankalin wasu baƙinsa Ingilishi su dawo St. Moritz da hunturu, ya ce idan ba su ji daɗi ba shi zai biya kuɗin tafiyarsu. Jamusanci yana da kalmar "Kurort" ga irin wannan garin jinya, kuma ita ce Rashawa suka ara, har yau suna kiran wuraren zamiyarsu "kurort", ciki har da Rosa Khutor da ta karɓi wani ɓangare na gasar Olamfik ta hunturu a 2014. Kalmar Faransanci "station" ma daga wannan gida ta fito, domin tun kafin a san zamiya Faransawa suna kiran garin da ake zuwa wanka da ruwan ɗumi na magani, ko garin shaƙatawa a bakin teku, da wannan suna. Da zamiya ta zo sai aka ƙara mata "de ski" kawai.

Saboda ƙauyen ya riga ya tsaya da ƙafafunsa, masu Jamusanci sun raba abu biyu da suna biyu. "Skiort" shi ne garin, da cocinsa da makarantarsa da otal-otal ɗinsa na iyalai, "Skigebiet" kuma shi ne yankin dutsen da hanyoyi da na'urori suka mamaye. A Ostiriya, St. Anton gari ne, Lech ma gari ne, amma yankin da ya haɗa su sunansa Ski Arlberg, mai hanyoyi kusan kilomita 300. Ƙasar da ake zamiya a kanta sau da yawa makiyaya ce ta manoma ko ta jama'ar ƙauye, wadda shanu ke kiwo a kai da bazara, kamfanin na'urori kuma yana biyan haya ko diyya domin amfani da ita da hunturu. Makarantar koyon zamiya tana da mai ita daban, haka ɗakin cin abincin da ke tsakiyar dutse. Mutanen Ostiriya har da wata kalma ta raha, "Skischaukel", wato lilon zamiya, wadda suke nufi da dutsen da ake hawa ta wannan kwari a sauka ta wancan. Wani babban yanki a wajen Saalbach ya kira kansa "Skicircus", saboda mutum na iya zagaye kwarin gaba ɗaya ya dawo inda ya fara ba tare da ya maimaita hanya ba.

Faransa ce ta fi kowa rikita wannan tsari, kuma ita ce ta fi cancantar a tsaya a kanta. Tana da tsofaffin garuruwa irin su Chamonix, wadda ta karɓi gasar Olamfik ta hunturu ta farko a 1924, da Megève da iyalan Rothschild suka raya a shekarun 1920. Amma bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai hukuma ta shigo da kanta. A 1946 majalisar lardin Savoie ta fara gina Courchevel a kan makiyayar da babu gari, daga 1964 kuma gwamnatin ƙasa ta ƙaddamar da shirin da aka sani da "Plan neige", wanda a ƙarƙashinsa aka kafa garuruwa sababbi fil a can saman tsauni inda dusa ba ta yankewa. La Plagne da Avoriaz da Les Arcs da Flaine duk 'ya'yan shekarun 1960 ne, Val Thorens kuma, wadda ke kan tsayin mita 2,300, ta biyo baya a farkon shekarun 1970. Dogayen benaye ne na kankare da katako, waɗanda aka tsara yadda mutum zai fito daga ƙofa ya ɗaura katakan zamiyarsa ya wuce. Bambancinsu da Chamonix kamar bambancin garin da kasuwa ta zo ta samu ne da garin da kasuwa ta haifa. Shirin ya tsaya a 1977, lokacin da Shugaba Giscard d'Estaing ya yi jawabi a Vallouise yana neman a sassauta gine-gine a kan tsaunuka. Abin lura shi ne kalma ɗaya, "station", ita ce ke ɗauke da tsohon gari da sabon, shi ya sa masana harkar a Faransa suke ƙara bayani da cewa wannan ta zubin farko ce, waccan ta zubi na uku.

Ga dutsen kansa kuwa Faransawa suna cewa "domaine skiable", kuma yanki ɗaya na iya haɗa garuruwa da dama. Les Trois Vallées, wato kwari uku, ya haɗa Courchevel da Méribel da Les Menuires da Val Thorens, yana tallata hanyoyi kilomita 600. Portes du Soleil ya tsallaka iyaka ma, wani sashe a Faransa wani a Suwizalan, da tikiti ɗaya. Dokar tsaunuka ta 1985 ta sa na'urorin hawa a ƙarƙashin ikon ƙananan hukumomi a matsayin hidimar jama'a, hukumar gari ce ke gudanar da su ko ta ba wa kamfani kwangila na wasu shekaru, kuma magajin gari ne ke da alhakin tsaron hanyoyin. Italiya ma haka take raba "stazione" da "comprensorio", kuma Dolomiti Superski, wanda aka kafa a 1974, ƙawance ne na yankuna 12 masu tikiti ɗaya da hanyoyi kimanin kilomita 1,200. Don haka idan Baturen Ingila ya ce zai tafi "resort" a Alps, gari yake nufi, kuma mai yiwuwa ne garin ya raba dutse da wasu garuruwa biyar.

A Amurka labarin ya faro ne daga ɗaya ƙarshen, domin na'ura ce ta riga gari. A 1934 aka kafa igiyar jan mutane a wata gona a Woodstock ta jihar Vermont, da injin tsohuwar motar Ford, kuma cikin 'yan shekaru irin wannan igiya ta bazu a tuddan arewa maso gabashin ƙasar. Mutum zai zo da safe a mota, ya yi wasansa, ya koma gida da yamma. Wurin da ba shi da komai sai gangare da igiya da rumfar shan shayi ba zai amsa sunan wurin hutu ba, sai aka kira shi "ski area", wato yankin zamiya kawai. A 1936 kuma kamfanin jirgin ƙasa na Union Pacific, ƙarƙashin Averell Harriman, ya buɗe Sun Valley a jihar Idaho domin ya samar wa jiragensa fasinja, da katafaren otal da kujerun hawa na farko a duniya, waɗanda injiniyan kamfanin James Curran ya kwaikwayo daga na'urar loda ayaba a jirgin ruwa. Wannan shi ne "resort" a ma'anar Amurkawa, wurin da kamfani ɗaya ya gina domin mutum ya zo ya kwana, ya ci, ya kashe kuɗi.

Kalmar "area" ta samu gindin zama ne saboda ita ce kalmar hukuma. Wurare kimanin 120, ciki har da manya irin su Vail, suna kan ƙasar gandun dajin gwamnatin tarayya, kuma dokar 1986 ta ba hukumar gandun daji ikon ba su izinin aiki har na shekara 40. Takardar izinin tana zana iyaka a taswira, abin da ke cikin iyakar shi ne "area". Ƙungiyar masu sana'ar ta ƙasa ma da wannan kalma take kiran kanta, kuma tana lissafa wurare kusan 480, waɗanda yawancinsu ƙanana ne. Jihar da ta fi kowace yawan wurare ita ce New York, ba Colorado ba. A tsakiyar ƙasar da kuma Kanada ana jin "ski hill", wato tudun zamiya, kuma sunan bai yi ƙarya ba: Buck Hill da ke Minnesota tsayinsa kusan mita 100 ne kacal, amma a nan Lindsey Vonn ta koyi wasan da ta zama zakarar duniya a kansa. Wasu wuraren kuma da gangan suke riƙe da tsohon suna. Alta a Utah da Arapahoe Basin a Colorado suna kiran kansu "ski area" har yau, kuma masu zuwa can suna jin kalmar a matsayin alkawari cewa dutse ake sayarwa a nan.

Wannan iyaka da aka zana ita ce bambanci mafi nauyi, domin a kanta rai yake. A yammacin Amurka da Kanada, da asuba kafin a buɗe na'urori, ma'aikatan sintiri suna hawa da abubuwan fashewa su tayar da dusar da ke barazanar zaftarewa a ko'ina cikin iyakar, a kan hanya ne ko cikin itatuwa ko a kwazazzabo. Ana kewaye iyakar da igiya da alluna, duk abin da ke ciki kamfani ya duba shi, wanda ya tsallake igiya kuma ya fita daga kulawarsa, a wasu wuraren har a ƙwace masa tikiti. A Alps kuwa abin da aka tsare shi ne hanyar da aka kafa wa sanduna a gefe da gefe. Taku kaɗan bayan sandar, mutum ya shiga abin da Faransawa ke kira "hors-piste", inda babu wanda ya hana shi, kuma babu wanda ya yi masa alkawarin cewa dusar ba za ta zaftare ba, ko da yana hango kujerun hawa a saman kansa. Ba'amurken da ya ɗauka "domaine" daidai yake da "area" ɗinsu zai iya jefa kansa cikin hatsari yana zaton yana cikin tsaro, kuma idan aka ɗauko shi a kan gadon ceto da ake ja a kan dusa ko da jirgi mai saukar ungulu, a Faransa yana iya samun takardar biyan kuɗin ceto, wanda shi ya sa ake sayar da inshora tare da tikiti.

Daga nan ne ma'auni ma ya rabu. Tun da Ba'amurke fili yake sayarwa, da eka yake awo: Whistler Blackcomb a Kanada tana da eka sama da 8,000, Park City a Utah kuma kimanin 7,300. Mutumin Alps hanya yake sayarwa, sai ya auna da kilomita. Ba a iya juya ɗaya zuwa ɗaya, don haka gardamar wane wuri ne ya fi girma a duniya ba ta da alƙali. Kilomitan ma ba su tsira daga zargi ba, domin wani Bajamushe mai nazarin harkar, Christoph Schrahe, ya auna hanyoyin wurare da dama ta taswira ya nuna cewa da yawa suna ƙara gishiri, wasu suna lissafa zigzag ɗin da mai zamiya ke yi maimakon tsawon hanyar. Ko alamar wahalar hanya ba ɗaya ba ce: Amurka tana amfani da koren da'ira da shuɗin murabba'i da baƙin lu'ulu'u, Faransa kuma da launi huɗu, kore da shuɗi da ja da baƙi.

Niyu Zilan ta zaɓi "field", wato fili, kuma duk wanda ya ga wurin zai gane dalili. Duwatsun can tsirara suke a saman iyakar itatuwa, babu daji da za a sare a fitar da hanya, sai buɗaɗɗen fili fari. Ba a kuma gina gari a kansu ba, mutum yana kwana a Queenstown ko Wanaka ko Methven, ya hau mota kowace safiya ta hanya mai kwana-kwana, wani lokaci da sarƙa a tayoyi. Coronet Peak, wanda ya fara aiki a matsayin kasuwanci a 1947, haka yake har yanzu. Sai kuma abin da suke kira "club field", filayen da ƙungiyoyin 'yan sa-kai ke gudanarwa a tsaunukan Canterbury, irin su Craigieburn da Broken River da Temple Basin. A can babu kujera. Mai zamiya yana ɗaura ɗamara a ƙugu wadda aka liƙa wa wani ƙarfe mai kama da matsefin fasa gyaɗa, ya kama igiya mai gudu da hannu har saurinsa ya yi daidai da nata, sannan ya wurga ƙarfen ya cafke igiyar, ya janye yatsunsa kafin su iso kan gargaren da igiyar ke bi. Sabon zuwa yakan sha faɗuwa kafin ya iya, safar hannu kuma takan yage idan ba a sa mata rigar fata ba. Wanda ya kwana a ɗakin ƙungiya ana sa ran zai taya wanke kwano ko yankan albasa. A ganina babu sunan da ya fi wannan faɗin gaskiya a duk cikin sunayen.

Sikotlan tana da wurare biyar, Cairngorm da Glenshee da Glencoe da Nevis Range da Lecht, kuma galibi "centre" ake ce musu, wato cibiya, saboda wurin ajiye motoci ne da na'urori a gefen titi, masauki yana can ƙasa a garuruwa irin su Aviemore. Wannan kalma ta cibiya tana yawo a duniya fiye da yadda ake zato. Turkawa suna cewa "kayak merkezi", mutanen Chile da Ajantina kuma "centro de esquí", alhali Sifaniya da suke harshe ɗaya da ita tana cewa "estación", irin ta maƙwabciyarta Faransa. Portillo a Chile, wadda ta karɓi gasar duniya a 1966, otal ne guda mai launin rawaya a bakin tafki, babu gari kusa. A Ajantina kuma bakin jama'a ya fi kama "cerro", wato dutse, kamar Cerro Catedral da ke kusa da Bariloche. A Afirka ma sunan yana bin harshen da aka gada: Oukaïmeden ta Maroko "station" ce, Afriski ta Lesoto kuma "resort".

Japan tana cewa "sukii-jo", wato wurin zamiya, amma gangaren kansa "gerende" ne, kalmar da aka aro daga Jamusanci, harshen da wasan ya shigo ƙasar da shi, tun daga hafsan sojan Ostiriya Theodor von Lerch da ya koyar da shi a Takada a 1911. Norwe, wadda ta ba duniya kalmar "ski" daga tsohuwar kalmarsu ta tsagin itace, ita ce ta fi kowa fita daban. A can idan mutum ya ce zai tafi zamiya, abin da aka fi fahimta shi ne tafiya a kan katako cikin daji da fili, ba saukowa daga dutse ba, kuma wannan ba ya buƙatar tikiti, domin dokar 1957 ta tabbatar da 'yancin kowa na ratsa ƙasar da ba a noma ba. Mazaunin Oslo zai hau jirgin cikin gari ya sauka a bakin dajin Nordmarka ya kama hanya. Wurin da ke da na'urori shi ne ke buƙatar ƙarin bayani, sai a ce "alpinanlegg", wato ginin wasan irin na Alps.

A 'yan shekarun nan kalmar "resort" tana cinye sauran, kuma kasuwa ce ke tura ta. Shafukan sayar da tafiye-tafiye na intanet suna buƙatar kalma ɗaya da za su jera kowa a ƙarƙashinta, ƙananan wurare kuma sun ga cewa sunan yana jawo baƙo mai kwana, wanda ya fi mai zuwa ya koma kashe kuɗi, don haka har tudun da ba shi da gado ko ɗaya yakan liƙa wa kansa sunan. Kamfanin Vail Resorts, wanda ya fito da tikitin shekara na Epic a 2008, ya sayi Perisher a Ostireliya a 2015 da Whistler Blackcomb a 2016, sannan ya shiga Suwizalan ta Andermatt a 2022 da Crans-Montana bayanta. Sai dai abin da ya samu a Alps ya fi karkata ga na'urori da wasu ɗakunan abinci da makarantar koyo, garin kuwa yana nan a hannun mutanensa da hukumarsa, kuma alhakin abin da ke bayan sanda bai canja ba don an canja suna a talla.

Matsalar takan fito fili idan aka zo ƙidaya. Mai tambayar wurare nawa ake zamiya a duniya zai samu amsar da ta dogara da kalmar da aka zaɓa, ko za a lissafa Les Trois Vallées a matsayin ɗaya ko a ƙirga garuruwansa, ko kuma za a sa Ski Dubai, wanda aka buɗe a 2005 a cikin katafaren kanti. Laurent Vanat, ɗan Suwizalan da ke fitar da rahoton shekara-shekara kan sana'ar, ya warware wa kansa ta hanyar kafa sharaɗi cewa sai wuri ya kai na'urorin hawa biyar kafin ya kira shi "resort", kuma da wannan ma'auni yana samun kimanin 2,000, alhali wuraren da ake zamiya sun ninka haka. Craigieburn, da igiyoyinsa uku, yana cikin waɗanda suka faɗo ƙasan layin, tare da ɗaruruwan tuddan ƙauye a Amurka da Japan da gabashin Turai inda yara ke fara koyo.